Ƙanena zai rufe shago saboda Jamie Vardy, ina neman shawara

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina da ƙane ɗan shekara 22, yana gyaran waya a Farm Centre, hannunsa ya faɗa har ubangidansa ya ware masa teburinsa. Da yamma yana buga lamba tara a kulob ɗin unguwarmu. Gaskiya yana da gudu, kuma yana ci. To wani mutum ya ɓullo, wai ejan ne, ya ce a kawo naira miliyan biyu da rabi zai kai shi gwaji Turai. Yaron nan ya ce zai sayar da kayan aikinsa da babur ɗinsa ya haɗa kuɗin. Na ce masa shekaru sun fara ja, sai ya ce, "Yaya, Vardy ma sai da ya kai 25 yana buga ƙananan ƙungiyoyi kafin Leicester ta saye shi." Ni ɗan gidan kallo ne kawai, tarihin bai zauna min ba. Mahaifinmu ya rasu, magana a hannuna take. Masu sani, labarin Vardy hujja ce ko kuwa?

Gunner Fagge: Wa alaikumus salam. Duk wanda ya ambaci Vardy a gabana ya fama min ciwo. A 2016 Arsenal ta yarda ta biya kuɗin da ke cikin kwantiraginsa, Wenger ya buɗe masa ƙofa, mutumin nan ya ce Leicester ta ishe shi. Mu da muka doke su gida da waje a kakar da suka ɗauki kofin Firimiya, muka ƙare na biyu da tazarar maki 10.

Shamsu Blues: Gunner, ana maganar rayuwar yaro kana kawo mana tsohon miki. Zauna tukuna.

Dakta Habu: Baban Ummi, ƙaninka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya riƙe. Na daɗe a arewacin Ingila, kuma ranar Asabar in babu aiki nakan je kallon irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyin, don tikitin Firimiya ya fi ƙarfin aljihuna.

An haifi Vardy a Sheffield a watan Janairun 1987. Yana cikin yaran Sheffield Wednesday, ƙungiyar da yake ƙauna tun yana ƙarami, suka sallame shi yana ɗan 16, wai jikinsa ya yi ƙanƙanta. Sai ya koma Stocksbridge Park Steels, ƙungiyar wani ɗan garin masu aikin ƙarfe da ke gefen Sheffield. Da ya shiga babbar tawagarsu, fam 30 ake ba shi a mako. Fam 30 a nan ko cefanen mako na mutum ɗaya da ƙyar ya yi. To me ya riƙe shi? Aikin masana'anta. Suna haɗa irin kayan tallafin nan da ake ɗaura wa masu matsalar ƙafa. Safiya yana tsaye a bakin aiki, yamma tirenin, Asabar wasa. Wato shi nasa shagon bai rufe ba. Bai zama wanda ƙwallo kaɗai ke ciyar da shi ba sai da ya je Fleetwood a 2011, yana da shekara 24.

Na biyu, ka duba ta ina kuɗi yake fitowa. Halifax ce ta biya fam 15,000 ta ɗauke shi a 2010. Ya ci musu ƙwallo sama da 20, suka ɗauki kofin rukuninsu. Fleetwood ta zo ta biya ta ɗauke shi, ya ci 31 a lig, su ma suka ɗauki kofi suka shiga rukunin ƙwararru karo na farko a tarihinsu. A watan Mayun 2012 Leicester ta ajiye fam miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasan non-lig ba. A kowane tsani, mai so ne ya zaro kuɗi. A wajen ƙaninka an juya ƙwaryar, shi ake cewa ya kawo.

Sadiya Gwale: Dakta don Allah, mene ne wannan non-lig ɗin da ake ta faɗa? Ni na ɗauka ƙwallon unguwa ce irin tamu, ta kafa duwatsu a matsayin raga.

Dakta Habu: Malama Sadiya, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Manyan rukunai huɗu ne a Ingila: Firimiya, Championship, League One da League Two, ƙungiyoyi 92 ke nan. Duk abin da ke ƙasa da su shi ne non-lig. Amma ba ƙwallon kara zube ba ce. Mataki na biyar shi ne National League, inda Fleetwood take a lokacin. Halifax tana mataki na bakwai sa'ad da ya je. Stocksbridge tana tsakanin na takwas da na bakwai. Kowane mataki a haɗe yake da na samansa, wanda ya ci kofi ya hau, wanda ya yi na ƙarshe ya sauka. Akwai jadawali tun farkon kaka, akwai alƙalan wasa masu rajista, akwai fitilu don wasan dare, ana karɓar kuɗin ƙofa, kuma duk ƙwallon da aka ci an rubuta sunan wanda ya ci da mintin da ya ci. In kana Leicester kana son sanin wa ya fi ci a mataki na biyar, minti biyu ya ishe ka. Sannan ka shiga mota ka je ka gani da idonka. Na taɓa zama a irin filin nan, 'yan kallo ba mu kai 400 ba, sanyi kamar zai tsinke kunne, ga wani dattijo a gefena da ɗan littafi yana ta rubutu. Ashe mai farautar 'yan wasa ne.

Ɗan Baiwa 10: Ni dai ban yarda da yadda manya ke kashe mana gwiwa ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ian Wright saura kaɗan ya cika 22 lokacin da Crystal Palace ta ɗauko shi daga Greenwich Borough a 1985, ya zo ya ci wa Arsenal 185. Stuart Pearce mai gyaran lantarki ne yana buga wa Wealdstone. Dan Burn tura keken kaya yake a kanti, ga shi ya ci ƙwallo a wasan ƙarshen da Newcastle ta doke Liverpool ta ɗauki kofi a 2025. Osimhen ruwan leda ya sayar a titin Legas. Da duk an ce musu su zauna a shago fa?

Koci Ɗanlami: Ɗana, ka iya tarihi, Allah ya ƙara basira. Amma sake karanta sunayen da ka jero. Wright, Pearce, Burn, duk a ƙasarsu aka gan su, a filin da masu saye ke iya zuwa da mota. Babu wanda ya nemi biza a cikinsu. Osimhen kuma ba yana 22 aka gan shi ba, gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015 ya ci 10, duniya tana kallo.

Shekara 19 ina horar da yara a filin makaranta, ba a biya na, wani lokaci ni ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihuna. Ba na cikin masu cewa 22 tsufa ne. Na ga yaran da sai a 23 ƙwallonsu ta nuna. Damuwata ita ce yaro ya ci 30 a gasar unguwa, in ka tambayi shaida babu ko takarda ɗaya. Sai dai "wallahi kowa ya san shi". To wanda ke Beljiyam bai san shi ba. Mu ma muna da tsani, ko da yana girgiɗi: rukunin NLO a ƙasa, sannan NNL, sannan NPFL, babban lig ɗin Najeriya. Ahmed Musa ta gida ya bi. Daga makarantar ƙwallo a Jos, zuwa ƙungiyar JUTH, zuwa Kano Pillars inda ya ci 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a ƙasar. Wannan lambar ce ta kai shi VVV-Venlo ta Holan, ba kuɗin babur ba. Kuma sai da suka jira ya cika 18 kafin a ba shi damar wasa, saboda dokar FIFA.

Baban Ummi, tambayata ɗaya: ƙaninka ya taɓa buga wasa ko ɗaya a ƙungiya mai rajista?

Baban Ummi: Koci, gaskiya a'a. Gasar unguwanni ce da kofin da 'yan siyasa ke sawa. Bara shi ya fi kowa ci, aka ba shi fanka da atamfa.

Gunner Fagge: Atamfa kuma? Lamba tara za a ba atamfa?

Baban Ummi: Hajiyarmu ta ji daɗinta ai.

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Ba na cika magana a nan ba, yarana ne suka sa ni a zauren, amma wannan ta taɓa ni. Shekara huɗu da suka wuce irin wannan mutumin ya zo mana. Kwat da takalmi mai sheƙi, ga hotunansa da Turawa a waya. Na sayar da filin gadona. An kai ɗana wata ƙasa a gabashin Turai da bizar yawon buɗe ido, su goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Wasa biyu suka buga da wasu yara a filin haya, babu wani kulob da ya zo. Sati uku mutumin ya kashe waya. Biza ta ƙare, yaro ya koma ɓuya yana wanke kwanuka. Wata bakwai kafin dangi su haɗa kuɗin jirgi. Ya dawo ba ya son ko jin ƙarar gidan kallo. Baban Ummi, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Sadiya Gwale: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Mama.

Shamsu Blues: Amin. Allah ya saka miki, Hajiya.

Ɗan Baiwa 10: Allah ya ba da haƙuri Mama. Amma ai ba duka ejan ne macuta ba. Su Ndidi da Iheanacho ba ejan ne ya kai su ba?

Dakta Habu: Ba duka ba, gaskiyarka. Amma na ƙwarai daga cinikin yake samun rabonsa, kuma kulob ɗin da ke son ganin yaro shi ke aiko da takardar gayyata da sunansa da hatiminsa, wadda za ka iya bincika. Ndidi daga Nath Boys ta Legas ya tafi Genk, sannan Leicester a Janairun 2017. Iheanacho gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2013 ce ta fito da shi. Ga kuma abin da ba a faɗa wa yara: galibi Ingila ba ta ba baƙon ɗan wasa izinin aiki sai ya tara maki, kuma makin daga buga wa ƙasarka da irin lig ɗin da ka fito ake samunsa. Ko ƙungiyar mataki na biyar ce ta so ƙanin Baban Ummi yau, doka ba za ta bar ta ba. Hanyar da Vardy ya bi a rufe take gare shi tun daga filin jirgi. Ko Lookman da muke alfahari da shi, wanda ya buga wa ƙaramar ƙungiyar Waterloo a Landan kafin Charlton ta ɗauke shi a 2014, a can aka haife shi.

Abu Hafsa: Ni wani ɓangare nake so a duba. Yaranmu sun mayar da mutumin nan abin koyi, alhali shi da bakinsa ya ba da labarin shaye-shayensa. An taɓa yanke masa hukunci ma, ko ba haka ba Dakta?

Dakta Habu: Haka ne Malam. A 2007 an same shi da laifin duka a wani faɗa a ƙofar mashaya. Shi ya ce abokinsa mai matsalar ji yake karewa. Aka ɗaura masa na'urar sa ido a ƙafa wata shida, dole ya kasance a gida ƙarfe shida na yamma. Har akan cire shi kafin a tashi wasa don ya yi sauri ya isa gida. A 2015 kuma an ɗauke shi a bidiyo a gidan caca yana faɗa wa wani kalmar wariyar launin fata, ya nemi afuwa, kulob ya ci shi tara. Ba waliyyi ba ne, ni ma ban ce ba.

Abu Hafsa: To madalla, a riƙa faɗa da wannan.

Koci Ɗanlami: A faɗa, amma a faɗi wani abin kuma da yara ke tsallakewa. Kowa 2016 yake tunawa. Wa ke tuna kakarsa ta farko a Leicester? Ƙwallo 4 kacal a lig. Magoya baya suna zagin fam miliyan ɗayan da aka kashe, shi kansa ya so ya haƙura ya bar ƙungiyar. Kocinsu Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare ne suka zaunar da shi suka ce ba inda za ka. Kaka ta biyu ya ci 16, suka hau Firimiya da maki 102. Wasansa na farko a Firimiya yana da shekara 27. A kakar nan ma 5 ya ci, duk da wasan nan da suka yi wa Manchester United 5 da 3, kuma watanni suka yi a ƙasan tebur, sai da suka ci bakwai cikin wasa tara na ƙarshe suka tsira. A wajenmu wane koci ne zai yi maka haƙurin shekara guda? Kocin ma bai san ko zai kai wata uku ba.

Sannan sabon koci Ranieri ya zo ya ɗinka rigar daidai jikinsa. Su bar wa abokan hamayya ƙwallo, Kante ya ƙwace, Drinkwater ko Mahrez ya cilla ta bayan 'yan baya, Vardy yana maƙale a kafaɗar na ƙarshe, sai dai ka ga ƙura. Kuma in ƙwallo ta kuɓuce ba ya tsayawa riƙe ƙugu, bin mai tsaron raga yake kamar ya ci masa bashi. Wannan a filin laka ya koyo ta, inda ɗan baya zai tokare ka alƙali ya ce a ci gaba. Wasa 11 a jere yana ci, ya karya tarihin Van Nistelrooy ranar 28 ga Nuwamban 2015, a ragar United ɗin kuma. Ya gama da 24, suka ɗauki kofi da maki 81.

Shamsu Blues: Koci ka taɓo Kante, dole in yi magana. Shi ma daga ƙasa ya taso, Boulogne a mataki na uku na Faransa, sannan Caen. Mahrez kuma daga Le Havre, kuɗinsa bai kai rabin fam miliyan ba. Wato a lokacin Leicester tana da masu ido irin su Steve Walsh. Ba Vardy kaɗai ba ne abin mamakin, masu nemo su ma a jinjina musu.

Gunner Fagge: Shamsu ka yi shiru kawai, a Wembley 2021 ba Chelsea ɗinka Leicester ta doke ɗaya da nema a wasan ƙarshen kofin FA ba? Tielemans yana gaishe ka.

Shamsu Blues: Sati biyu bayan nan muka ɗauki kofin zakarun Turai. Kai kuma kana gidan kallo kana cin gyaɗa.

Admin: Ku biyun nan ku koma zauren barkwanci. A ci gaba da batun.

Ɗan Baiwa 10: To Koci, in sa'ar tsarin wasa ce, me ya sa Musa bai yi ba? Shi ma ai mai gudu ne, kuma Leicester ɗin ce ta saye shi a 2016.

Koci Ɗanlami: Tambaya mai kyau, kuma tana goyon bayan maganata ne. Musa ya zo daga CSKA Moscow da kuɗin da ya kai fam miliyan 16, ya ci Barcelona biyu a wasan share fagen kaka, muka ce shi ke nan. Amma gurbin da ya fi dacewa da shi akwai mai shi, ga ƙungiyar ta rikice, an kori Ranieri a Fabrairun 2017. Bai samu wasa a jere ba. Mutumin da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ba za ka ce bai iya ba. In wanda ya zo da suna da takardu da kuɗi irin wannan bai samu wuri ba, ina ga wanda za a sauke a tashar jirgi da bizar wata ɗaya?

Ni abin da ya fi burge ni da Vardy ba kofin ba ne, daɗewar ce. Takalmin zinare a 2020 da ƙwallo 23 yana ɗan 33, babu wanda ya taɓa ɗauka a wannan shekarun a Firimiya. Sun faɗi a 2023 bai gudu ba, ya dawo da su. Ya bar Leicester a Mayun 2025 da ƙwallo 200 a wasa 500 cif, sannan ya tafi Cremonese ta Italiya yana 38. A ganina rashin shiga injin manyan ƙungiyoyi da wuri ya adana masa gwiwa, amma wannan ra'ayina ne, likita yana nan.

Dakta Habu: Koci, likitan yara ne ni, kada ka ja min. Abin da zan ƙara shi ne, shi kansa Vardy ya san ba kowa ke samun mai gani ba, shi ya sa ya buɗe V9 Academy don a tara 'yan non-lig a gayyato masu saye su kalla. A ƙasar da komai a rubuce yake ma ke nan.

Ɗan Baiwa 10: Na ji. Amma har yanzu ina ganin in aka hana shi gaba ɗaya, zai riƙe Yayansa a zuci har tsufa.

Maman Sadiq: Wannan kuma gaskiya ka faɗa, ɗana. Kada a hana shi ƙwallo. Kuɗin ne kada a bayar.

Koci Ɗanlami: Baban Ummi, ga abin da zan iya. Ka bi ni ta akwatin sirri ka faɗa min filin da suke wasa, in zo in gan shi da idona, ba tare da ya san ni ne ba. In ya kai, ina da abokai a ƙungiyoyin NLO, lokacin tantance 'yan wasa in kai shi, ba ko kwabo. In bai kai ba, a gabanka zan faɗa masa. Sharaɗina shi ne teburin nan ya ci gaba da buɗewa har la'asar. Shi kuma mai kwat, ku ce ya kawo sunan kulob ɗin da takardar gayyata da lambar lasisinsa ta FIFA.

Baban Ummi: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na miƙa masa wayata ya karanta tun daga sama. Ya daɗe a kan rubutun Maman Sadiq bai ce komai ba. Da ya zo wajen ƙwallo 4 a kakar farko sai ya ce shi bai taɓa jin wannan ba. Bai ce ya fasa ba, kada in yi muku ƙarya, amma babur yana nan, yau ma da shi ya fita kasuwa. Mun tura wa mutumin tambayoyin Koci tun ƙarfe tara na safe, alama ta nuna ya karanta, har yanzu dai shiru. Koci, na tura maka saƙo. Asabar ne wasan, ƙarfe huɗu da rabi, kuma a shigo da hula don babu rumfa.

Gunner Fagge: In ya ci biyu a sanar da mu, muna neman lamba tara.